Neman Allah Cikin Halittarsa Yayin Tantance Kiran Rayuwar Keɓewa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi na matasan Katolika ne, maza da mata, masu juya batun keɓe rayuwarsu ga Allah a zuci, ko su zama Sista, ko Brada, ko Fada na wata ƙungiya, ko masu zuhudu, waɗanda kuma suka lura addu'arsu ta fi zama daram idan suna waje, a gindin itace, ko bakin kogi, ko bisa dutse. Duk inda na ce "kai", har da ke nake.

Na fi jin kusancin Allah a daji fiye da cikin coci. Da laifi?

Babu laifi. Zabura ta 19 da shelar da sammai suke yi ta ɗaukakar Allah ta fara, Bulus kuma ya ce a Romawa 1:20 ikon Allah da allahntakarsa, waɗanda ido ba ya gani, ana gane su ta abubuwan da ya halitta. Yesu ma haka ya riƙa yi. Markus 1:35 ya nuna shi ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, Luka 6:12 kuma ya ce a kan dutse ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi manzanninsa goma sha biyu.

Sai dai ka duba dalilin da ya sa wajen ya fi maka daɗi. A can ba mai kallonka, ba mai neman komai a hannunka, jikinka yana motsi, numfashinka ya daidaita. A coci kuwa ga jariri yana kuka, ga mawaƙa sun kauce wa murya, ga wa'azi ya ƙi ƙarewa. Ba da abin da mutum ya ji a jikinsa ake auna Mas ba. Bangaskiyar Katolika ita ce Almasihu yana nan da kansa cikin Yukaristiya, ko zuciyarka ta motsa ko ba ta motsa ba. Rayuwar da kake tunanin shiga kuwa a kan Mas ta kullum da addu'ar sa'o'i tare da 'yan'uwa aka kafa ta. Ranar da yawon daji ya fara cinye maka Mas ta Lahadi, ya daina taimaka maka.

Ina iyakar ganin Allah cikin halitta da bauta wa halittar kanta?

Majalisar Batikan ta Farko, babban taron bishop-bishop na Ikilisiyar Katolika, ta tabbatar a 1870 cewa hankalin ɗan Adam yana iya sanin Allah tabbas ta hanyar abubuwan da aka halitta, majalisar dai kuma ta ƙi koyarwar da ke cewa Allah da duniya abu ɗaya ne. Littafin Hikima sura 13 ya zargi waɗanda kyan wuta da iska da taurari ya ruɗe su har suka ɗauke su alloli, suka kasa wucewa zuwa ga wanda ya yi su. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo wanda ya rasu a 430, ya ba da labarin yadda ya tambayi ƙasa da teku da iska da taurari ko su ne Allahnsa, kowannensu ya amsa masa cewa ba shi ba ne, ya nema a sama da su, domin su ma yin su aka yi.

Gwajin mai sauƙi ne. Idan ka tsaya gaban faɗuwar rana, akwai wanda kake ce wa "na gode"? Idan akwai, addu'a kake yi. Idan abin ya tsaya a kan wani ƙarfi marar suna wanda ba ya magana, ba ya umarni, ba ya tsawatarwa, to ba irin wannan ne yake kiran mutum da sunansa ya ce ya bar komai ya bi shi ba.

Duk sa'ad da na zauna a waje na yi tunanin zama Sista, sai in ji salama. Wannan ce alamar kira?

Tana iya zama ɗaya daga cikin alamu, amma ita kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan shi ne Waliyyi Ignashiyus na Loyola. Sojan Sifen ne, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521, ya yi watanni yana jinya a gidansu. Yana kwance yakan yi tunani iri biyu: wani lokaci na suna da jarumta da wata mace mai daraja, wani lokaci na yin irin abin da waliyyai suka yi. Dukansu suna masa daɗi yayin da yake cikinsu. Bambancin a bayansu yake fitowa. Na farko yakan bar shi a bushe da rashin gamsuwa, na biyu kuwa farin cikinsa yakan daɗe. Daga wannan lura ya fara gina ƙa'idodinsa na rarrabe motsin zuciya. Shi ma mai son kallon sama ne. Ya faɗa da bakinsa cewa a kwanakin jinyar babbar ta'aziyyarsa ita ce kallon sararin sama da taurari, kuma ya ba da dalilin: kallon yana sa shi jin ƙwazon bauta wa Ubangiji. Ki riƙe wannan dalili da kyau. Bai ce kallon yana kwantar masa da hankali kawai ba, cewa ya yi yana tura shi ga hidima.

Saboda haka tambayar da za ki yi wa salamar taki ita ce: ina take kai ki bayan kin tashi daga gindin itacen? Idan kin koma gida kin tarar da ƙanwarki ta ɓata miki kaya, haƙurinki ya ƙaru ko ya ragu? Kina jin marmarin zuwa Mas da furta zunubi, ko kina jin kin fi ƙarfin waɗannan? Tunanin zama Sista yana nan da daɗinsa ranar Talata da rana tsaka, a cikin cunkoso, kina gajiye? Ta'aziyyar da Ignashiyus yake nufi ita ce ƙaruwar bangaskiya da bege da ƙauna. Tana iya zuwa da hawaye, tana iya zuwa a ɗakin asibiti. Sanyin inuwa da kukan tsuntsaye kuwa kowa suna kwantar masa da rai, mai bi da marar bi.

Ga wani gwajin da nake ganin ya fi kowane amfani. Ki koma wurin nan dai, a lokaci irin wancan, ki yi tunanin aure da 'ya'ya da zuciya ɗaya, kamar kin riga kin zaɓe shi. Idan salamar ta zo daidai wa daida, kin gano cewa wurin ne ya ba ki ita. Idan akwai bambanci, ki rubuta shi, ki maimaita a makonni dabam-dabam, ki kai wa jagoranki na ruhaniya.

Aikin da halitta take yi wa mai neman kira kamar na ajiye tulun ruwan da aka gurɓata ne: idan aka bar shi ya natsu, laka ta kwanta, sai a ga abin da ke ƙasa. Natsuwar ba ita ta sa abin a ciki ba, kuma ba ita za ta faɗa miki abin da za ki yi da shi ba.

Ta yaya zan yi addu'a a waje, kada ta zama yawon shan iska kawai?

Ka ba ta farko da ƙarshe. Ka kashe waya, ka yi alamar gicciye, ka faɗa wa Allah alherin da ka zo nema a jimla ɗaya, misali ya nuna maka abin da kake tsoro game da alkawarin biyayya. Ka ɗauki nassi guda: Zabura ta 8, ko ta 104, ko ta 139, ko maganar Yesu a kan tsuntsaye da furannin jeji a Matiyu 6:25-34. Ka karanta a hankali, ka rufe littafin, ka dubi abu ɗaya da kyau, ganye ko tururuwa ko gajimare, har ka gan shi da gaske. Sa'an nan ka yi magana da Ubangiji kamar yadda aboki yake yi da abokinsa. Minti 30 zuwa 60 sun isa. Ka rufe da Ubanmu wanda ke cikin sama.

Bayan haka ka rubuta layi uku ko huɗu: me ya motsa, me ya tsaya cik, me ka guje wa. Wannan ɗan littafin rubutu shi ne zai nuna maka bayan watanni abin da yake dawowa kullum da abin da ya zo sau ɗaya ya wuce. Wasu Rosari ne yake riƙe su idan suna tafiya, shi ma daidai ne.

Idan wurin da nisa ko ba mutane, ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.

Na roƙi Allah alama, sai kurciya ta sauka kusa da ni. Amsa ce?

Kurciyoyi suna sauka kusa da mutane kullum. Allah yana da ikon amfani da tsuntsu ko bakan gizo ya taɓa zuciyarka, kuma idan ya yi, ka gode masa. Amma ba a ɗora rayuwa gaba ɗaya a kan abin da za a iya fassara shi ta kowace fuska, musamman da yake wanda ya riga ya ƙudura abu a ransa duk abin da ya gani sai ya zama masa alama.

Ignashiyus ya ce lokutan zaɓi uku ne. Na farko shi ne wanda Allah yake jan mutum ba tare da wata shakka ba, kamar Bulus da Matiyu, wannan kuwa ba kasafai yake faruwa ba. Na biyu shi ne haske da yake taruwa sannu a hankali daga lura da ta'aziyya da ƙuncin rai. Na uku shi ne lokacin da rai yake kwance, mutum ya zauna da hankalinsa ya auna riba da hasara ta kowane ɓangare, ya tambayi kansa shawarar da zai ba baƙon da ke cikin irin halinsa, da abin da zai so a ce ya zaɓa ranar da yake kan gadon mutuwa. Yawancin masu neman kira ta hanya ta biyu da ta uku suke bi.

Ka tuna da Iliya a Dutsen Horeb, a 1 Sarakuna 19. Iska mai farfasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu. Da ƙaramar muryar ta zo, tambayarsa ta yi abin da yake yi a nan, sa'an nan ta umarce shi ya koma, ta ba shi sunayen mutanen da zai shafa wa mai.

Ina ƙaunar dabbobi da itatuwa. Ke nan ƙungiyar Waliyyi Faransis ce tawa?

Mai yiwuwa, amma ba don wannan dalili ba. Hoton Faransis na Asisi da tsuntsu a kafaɗa ya rufe mutumin na gaske. A wasiyyar da ya bari gab da rasuwarsa a 1226, da ya zo faɗin yadda tubarsa ta fara, kutare ya ambata: ganinsu yana masa ɗaci, Ubangiji ya kai shi cikinsu, abin da yake ɗaci ya koma masa zaƙi. Waƙarsa ta yabon Allah ta bakin halittu, wadda ya kira rana ɗan'uwa, wata da ruwa 'yan'uwa mata, ya tsara ta ne wajen 1225 a San Damiyano, yana fama da ciwon ido har ya kusa makancewa, hasken ranar da yake yabo ma azaba yake masa. Daga baya ya ƙara baiti a kan masu yafewa, da wani a kan mutuwa, ita ma ya kira ta 'yar'uwa.

Akwai wani labarinsa da ya shafe ka kai tsaye. Ya taɓa rasa ko ya keɓe ga addu'a a kaɗaici ko ya fita wa'azi. Mutumin da ya san kogwanni da duwatsun yankinsa ciki da bai, bai je ya tambayi daji ba. Aika wa ya yi wurin Waliyyiya Kilara, mai zuhudu mabiyiyarsa, da wani ɗan'uwa mai suna Silbesta su yi addu'a su faɗa masa, dukansu suka ce ya fita wa'azi, ya kuwa tashi ya tafi.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa shi waliyyin masu kula da muhalli a 1979. Amma mabiyansa na yau yawancinsu a majami'u da makarantu da unguwannin matalauta suke aiki. Idan talauci da 'yan'uwantaka da hidimar marasa galihu suna jan ka, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofarsu.

Waɗanne ƙungiyoyi ne rayuwarsu ta fi kusa da ƙasa da shiru?

Gidajen da suke bin ƙa'idar Waliyyi Benedik, wanda ya kafa Monte Kasino a Italiya wajen 529, sun haɗa addu'a da aikin hannu, da yawansu kuma a karkara suke, da gona ko lambu ko kiwo. Sistasiyawa, waɗanda suka fara a Sito ta Faransa a 1098, da reshensu na Tarafis, sun ƙara tsananta shiru da aikin gona. Waliyyi Banad na Kilabo, shahararren cikin Sistasiyawa, ya taɓa rubuta wa wani cewa zai sami abin da ya fi na littattafai a cikin kurmi. Kartusiyawa, waɗanda Waliyyi Buruno ya kafa a duwatsun Shatros a 1084, kowane mai zuhudu yana da ɗakinsa da ɗan lambunsa, yana yawancin yininsa shi kaɗai.

Wani abu da za ka sani game da gidajen Benedik shi ne alkawarin zama wuri ɗaya. Gida guda kake shiga, da mutanensa, har mutuwa. Kyan wurin zai zama maka abin yau da kullum cikin shekara ɗaya, ɗan'uwan da yake tauna abinci da ƙara a gefenka kuwa yana nan shekara arba'in. Zo mu zauna, zo mu saɓa, ko a gidan zuhudu ne.

Idan na yi alkawari aka tura ni tsakiyar babban birni, inda ko itace babu fa?

Yana iya faruwa, kuma gara ka dube shi ido da ido tun yanzu. Alkawuran uku ne: talauci, tsarkin rashin aure, da biyayya. Biyayya tana nufin shugabanni ne za su yanke inda za ka zauna da aikin da za ka yi, bayan sun saurare ka. Ƙungiyoyin da suke koyarwa ko jinya ko aikin mishan inda mutane suke nan suke zuwa, mutane kuwa birane suke ta kwarara.

Waliyyiya Taresa ta Lisiyo ta ga wannan tun kafin ta shiga. A 1887 ta bi ta Suwizalan a jirgin ƙasa kan hanyar zuwa Roma, ta cika idonta da duwatsu da tafkuna, tana gaya wa kanta cewa za ta tuna da su ranar da za ta kasance a kulle a gidan masu zuhudu na Karmel, ba ta ganin komai sai ɗan yankin sama. Ta shiga a 1888 tana da shekara 15, ba ta sake fita ba har ta rasu a 1897. Uwa Taresa ta Kolkata kuwa, wadda ta riga ta zama Sista, a cikin jirgin ƙasa ta ji kiranta na biyu, ranar 10 ga Satumba 1946, tana kan hanyar hawa tuddan Dajilin don keɓewar addu'a, kiran kuma ya mayar da ita cikin unguwannin da suka fi ko'ina cunkoso da talauci.

Ignashiyus ya so mabiyansa su iya samun Allah cikin kowane abu, har da ofis da aji da hanya. Idan tunanin rasa daji yana sa ka baƙin ciki, wannan ba komai, sadaukarwa ce ta gaske kuma ta cancanci baƙin ciki. Idan kuwa ka ga ba za ka iya addu'a sam ba in babu shi, ka faɗa wa daraktan kira, wato mai kula da masu neman shiga ƙungiya, tun farko, domin wannan zai taimaka a gane irin gidan da ya dace da kai, ko a gane cewa ba yanzu ba.

Ta yaya zan san ba gudun mutane nake yi ba?

Ka dubi abin da ka bari a baya duk lokacin da ka fita. Idan kullum bayan faɗa da mahaifinka ne, ko bayan jarrabawa ta ƙi, ko bayan wata ta ƙi ka, kake jin kiran ya yi ƙarfi, akwai abin bincike. Ba wai hakan ya kashe kiran ba, Allah yakan shigo ta ƙofar ciwo. Amma gidan masu zuhudu ba maɓoya ba ce, cike yake da mutanen da ba kai ka zaɓe su ba.

Benedik kansa ya yi shekara uku a kogo a Subiyako, duk da haka da ya zo rubuta ƙa'idarsa ya ce masu zaman kaɗaici na gaske su ne waɗanda suka daɗe ana gwada su cikin jama'ar 'yan'uwa, ba masu zafin sabon shiga ba. Dokar Ikilisiya ta yau, a sashe na 603, ta amince da rayuwar kaɗaici, amma a hannun bishop ake ɗaukar alkawarin kuma ƙarƙashin jagorancinsa ake zama. Saboda haka duk sa'ar da ka ba daji, ka ba da irinta ga marasa lafiya, ko tsofaffi, ko koyar da yara katekisim, ka ga wace ce take barin ka da rai. Bitrus ya so kafa bukkoki uku a kan dutsen da kamannin Yesu suka sāke, amma saukowa suka yi, suka tarar da taro da wani uba da yaronsa mai farfaɗiya.

Da ina jin Allah a ko'ina a waje, yanzu itace itace ne kawai. Na rasa kiran ne?

A'a. Bushewa tana zuwa wa kowa, kuma ƙa'idar Ignashiyus a nan a sarari take: a lokacin ƙuncin rai ba a canza shawarar da aka yanke lokacin haske. Ka ci gaba da addu'a a lokacinta, ka ɗan ƙara ma, ka faɗa wa jagoranka. Waliyyi Yohanna na Gicciye, wanda ya rasu a 1591, ya koyar cewa Allah yakan janye daɗin da ake ji a farkon tafiya domin mutum ya koyi neman mai bayarwa, ba kyautar ba.

Ka duba jikinka kuma. Idan ba addu'a kaɗai ta bushe ba, har abinci da barci da abokai da duk abin da kake so sun fita daga ranka makonni a jere, ka ga likita. Ciwon damuwa dabam, bushewar ruhu dabam, kuma neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Halitta ba kyau kaɗai ba ce. Akwai ambaliya, fari, dabba tana cin dabba. Ina Allah a nan?

Mai wannan tambaya ya fi mai kallon fure kaɗai kusa da Littafi Mai Tsarki. Bulus ya ce a Romawa 8:22 dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, a lamba 310, ya ce Allah ya halicci duniya tana kan tafiya zuwa cikarta, shi ya sa bayyanar wasu halittu take tare da ɓacewar wasu, ginawa tare da rushewa. Da Ayuba ya matsa da tambaya, daga cikin guguwa Allah ya amsa masa, ya zaga da shi wurin zaki mai farauta da jimina da gaggafar da 'ya'yanta suke shan jini, bai kuwa ba shi bayanin wahalarsa ba.

Abin da wannan yake nuna wa mai neman kira shi ne halitta tana faɗin ikon Allah da hikimarsa, amma ba ta faɗin cewa ya mutu dominka. Wannan a kan gicciye ake karanta shi. Wanda zai ɗauki alkawarin rai da rai yana bukatar Allahn da yake nan ranar da kogin da yake zama a bakinsa ya cinye gidajen mutane.

Na karanta kimiyyar halittu, ina kuma son aikin kare muhalli. Sai na bar su?

Ba dole ba. Girego Mendel, wanda gwajinsa a kan tsiron waken Turawa (pea) tsakanin 1856 da 1863 ya zama tushen ilimin gadon halitta, ɗan ƙungiyar Agustin ne a Burno, a lambun gidansu ya yi aikin. Cibiyar nazarin taurari ta Batikan, wadda Paparoma Liyo na 13 ya sake kafawa a 1891, 'yan ƙungiyar Yesu, wadda Ignashiyus ya kafa, su ne suke tafiyar da ita. Wasiƙar Paparoma Faransis ta 2015, Laudato Si', ta sa kula da duniya cikin aikin bangaskiya, ta kuma ɗaure kukan ƙasa da kukan matalauta wuri ɗaya. Sista Dorothy Stang, haifaffiyar Amurka, an harbe ta a jihar Para ta Brazil a Fabrairun 2005 tana da shekara 73, saboda tsayawa da ta yi tare da ƙananan manoma da dajin Amazon.

Sai dai ka ji ƙarshen labarin Mendel: a 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan, aikin mulki ya cinye yawancin lokacin bincikensa. Ilimin da ka shigo da shi ya zama na ƙungiya, za ta iya amfani da shi, za ta iya ajiye shi na ɗan lokaci.

Kallon tsuntsaye da 'ya'yansu yana tayar mini da sha'awar aure da haihuwa. Ke nan ba ni da kira?

Ke nan lafiyarki ƙalau. Aure sakramenti ne, kira ne shi ma. Ƙungiyoyi ba neman waɗanda ba su da sha'awar iyali suke yi ba, domin wadda za ta yi uwa tagari ita ce sau da yawa take yin Sista tagari. Abin da za ki tantance shi ne wace hanya ce, idan kin rasa ɗayar, za ki iya ɗaukar rashin ba tare da zuciyarki ta yi tsami ba. Wannan ba a rana ɗaya ake gane shi ba, kada kuma kunya ta sa ki ɓoye wa jagoranki.

Idan na yanke shawarar gwadawa, mene ne matakan, shekara nawa kuma?

Da farko ka sami jagoran ruhaniya da za ka riƙa gani a kai a kai, ka rubuta wa daraktan kira na ƙungiyar da take jan ka, ka je ka zauna da su kwanaki. Gani ya kori ji. Daga nan sai zaman neman shiga, wanda tsawonsa ya danganta da ƙungiya, watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu. Sai nofishiyet, wato lokacin horo na musamman: dokar Ikilisiya ta 1983 ta ce sai wanda ya cika shekara 17, horon ba ya gaza wata 12, ba ya wuce shekara biyu, kuma mai horon yana da 'yancin tafiya duk ranar da ya so. Alkawarin wucin gadi yana ɗaukar shekara uku zuwa shida, ana iya tsawaita shi amma jimillar ba ta wuce tara ba. Alkawarin dindindin sai wanda ya cika shekara 21. Sistocin da suke zaman kulle na addu'a, bisa umarnin Batikan na 2018, horonsu gaba ɗaya ba ya gaza shekara tara. Wanda zai zama firist kuma yana da karatun falsafa da tauhidi a gabansa, ba a naɗa shi sai ya cika 25.

Za su duba lafiyarka da halinka da balagar hankalinka, sau da yawa tare da likita da masanin halayyar ɗan Adam, za su tambaye ka ko akwai bashi a kanka ko iyayen da suka dogara da kai. Kiran ɓangare biyu ne, kai kana nema, Ikilisiya tana karɓa ko ta ce a'a, kuma amsarsu tana cikin hanyoyin da Allah yake magana.

Me zan faɗa wa daraktan kira game da duk wannan? Ina tsoron ya ɗauke ni mai mafarki.

Ka faɗa masa yadda abin yake: inda kake zuwa, yadda kake addu'a a can, abin da ka ji, da abin da ya biyo baya a gida da wurin aiki. Ka tafi da littafin rubutunka. Ya saba jin irin wannan, kuma tambayoyin da zai yi maka na ƙasa-ƙasa ne: sau nawa kake zuwa Mas a mako, yaushe rabonka da furta zunubi, wa kake yi wa hidima, wa ka kasa yafe wa, iyayenka sun sani ko ba su sani ba. Kai ma ka tambaye shi tsarin yininsu daga tashi zuwa kwanciya, sa'o'i nawa na shiru suke da su, ko ana barin mutum ya fita tafiya shi kaɗai, da wuraren da aka tura waɗanda suka ɗauki alkawari a shekaru biyar da suka wuce.